Agogon da Ya Rasu a Ruwan Tsamiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki da ya gaji da amsa tambaya ɗaya, ni Basharu Salihu, tsohon malamin gona da ke zaune a Gwandu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa ba ni ne na mutu ba. Wanda ya rasu ranar Talatar da ta gabata agogon hannuna ne. Ya cika a garin Kalgo, a cikin kaskon ruwan tsamiya, bayan gajeriyar jinya wadda masoyansa suka ɗora masa da hannuwansu.

Ya zama dole in rubuta wannan sanarwa domin har yanzu ana sallama a ƙofar gidana da muryar ta'aziyya, idan na fito da kaina sai baƙo ya ja da baya. Wani bawan Allah ya taso tun daga Malisa da tiyar gero, ya iske ni ina alwala, ya rasa ko ya ajiye ko ya koma da abinsa. Na ce ya ajiye. An yi rashi a gidan nan, wannan ba ƙarya ba ce. Mamacin kawai aka yi kuskure.

Kafin in ɗauki alƙalami na tuntuɓi limamin unguwarmu. Ya ce in rubuta abin da na ga dama, amma kada in roƙa wa ƙarfe gafara domin ba shi da hisabi, kada kuma in tara mutane su yi masa salla. Na bi umarninsa. Duk inda mai karatu ya ga ya dace addu'a ta shiga amma bai gan ta ba, ya sani haɗiye ta na yi.

Marigayin ba ɗan ƙasar nan ba ne. Ya zo Gwandu a cikin ɗan farin kwali, a jakar 'yata Juwairiyya, ma'aikaciyar jinya a Kaduna. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwani nake ce mata, kuma haka zan kira ta har ƙarshen takardar nan. Jikinsa ƙarfen silba ne, irin wanda ba ya tsatsa, fuskarsa kuma baƙin gilashi da ke haskawa idan ka ɗaga hannu. Yana da layin waya na kansa, abin da ni ban mallaka ba sai da furfura ta fito mini.

Dalilin zuwansa ba na farin ciki ba ne. Mahaifiyar Uwani, matata Rahama, ta rasu farat ɗaya tana tankaɗe a tsakar gida. Uwani tana kan hanya aka gaya mata, ko jana'iza ba ta iske ba. Shekara ta zagayo, ni ma jiri ya kwashe ni a gonata ta Maruda, likita ya ce hawan jini ne da zuciya mai saurin gajiya. Uwani ta zo da niyyar ta tafi da ni Kaduna, gidanta da ke hawa na uku, inda ba a ganin ƙasa sai a tukunyar fure. Na ƙi. Ta yi kuka, na ƙi. A ƙarshe yayata Azumi, wadda ke zaune tare da ni tun rasuwar mijinta, ta raba mana gardama da sharaɗi biyu. Zan zauna Gwandu muddin agogon nan yana hannuna yana gaya wa wayar Uwani yadda zuciyata ke bugawa, sannan in ajiye kalme, wato fartanyata, har abada, in bar wa 'yan ƙwadago gona. Randa na karya ɗaya daga ciki, Kaduna. Na amsa da bakina, a gaban shaida.

Da farko ba mu shirya da marigayin ba. Na ɗauke shi ɗan leƙen asiri, shi kuma ya ɗauke ni yaro. Amma zaman tare ya nuna mini halinsa, kuma ina shaida shi mai gaskiya ne, bai taɓa ƙara minti ko ya rage ba don ya faranta wa wani. Mai kula da ibada ne, kafin ladan ya gyara murya ya riga ya taɓa ni, zzt-zzt, a hankali, yadda ake taɓa babba. Ba ya raina kowa. Ko hakimi ke magana, idan zamana ya yi tsawo sai ya motsa ni in tashi in miƙe ƙafa, in tashi kuwa a tsakiyar taro ina ba da haƙuri. A majalisarmu ta gindin darbejiya, duk lokacin da aka ɗauko zancen tsadar taki ko na siyasa, sai ya yi tit, ya nuna mini wani ɗan zobe da ke kumbura yana sacewa, wai in ja numfashi. Abokaina suka sa masa suna Uwargida.

Yana da murya kala-kala, kuma duk na san su. Tit ɗaya na shan magani ne. Zzt-zzt na salla ne. Idan batir ɗinsa ya yi ƙasa sai ya yi wani siririn kuka na ban tausayi, kamar ɗan akuya da aka manta a turke. Amma wadda na fi sani ita ce tilin-tilin, tilin-tilin. Wannan ta Uwani ce ita kaɗai. Idan ta kira, sai in kai hannu kusa da baki in yi magana da tsintsiyar hannuna a kan titi, yara na kallona, ban damu ba.

Aibinsa ɗaya, ba ya jin Hausa, ni kuma Turancina na ofis ne, kuma sai da tabarau. Saboda haka yawancin abin da yake rubuta mini ban karanta ba. Ina jin shi dai, ina gyaɗa kai, yadda ake yi wa suruki.

Na riƙe alƙawarin kalme duk tsawon rani, kuma ina so a rubuta mini wannan. Amma ranar da aka yi ruwan farko, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan nata, na zauna a zaure na ji kamar an ɗaure ni da igiya. Washegari maƙwabcina Haruna ya fito da babur, na ce ya rage mini hanya zuwa Maruda in duba abin da 'yan ƙwadago ke yi. Na duba. Suna shuka dawa kamar masu zubar da shara. Na karɓi kalmen don in nuna musu layi ɗaya. Layi ɗayan nan ne bai ƙare ba har damina ta yi nisa.

Ban iya cire marigayin in bar shi gida ba, domin da zarar ya daina jin fatata na ɗan lokaci sai tilin-tilin ta tashi. Don haka tare muka yi noma. A zatona bugun zuciya kawai yake aika mata, kuma zuciya ai ko a kan tabarma tana bugawa. Na saki jiki. Shi kuwa ya sha wuya bai yi ƙorafi ba. Ƙarfen bakin ƙota ya zana masa layi a gefen hagu. Ƙayar aduwa ta bar masa nata. Akwai wani dogon ƙwarzane da ya ratsa maɗaurinsa ranar da na zura hannu a injin ban ruwan Haruna, wanda ba aikina ba ne, amma ba na iya ganin ana ɓata aiki in yi shiru. Sauran ƙananan ban san ranarsu ba. Kafin gero ya fid da kai, duk wanda ya kalli agogon nan ya san ba hannun mai zaman zaure yake ba.

Sai Uwani ta aiko cewa ta sami hutu, tana nan tafe ƙarshen wata.

Daga nan jinya ta fara. Uwani nas ce, idonta ba ya wuce tabo, kuma abin da take fara yi idan ta iso shi ne ta kama hannuna ta juya. Na san tana ganin ƙwarzanen nan an gama shari'a. Na kai kukana majalisa. Wani ya ce ya ji man goge baki na cire ƙwarzanen ƙarfe. Na sayo, na zauna da tsumma ina murzawa ina zagayawa har yatsuna suka ƙage. Marigayin ya fito yana ƙamshin na'ana'a, ƙwarzanen suna nan inda suke, sai dai hasken da ke tsakaninsu ya dusashe.

Mataki na biyu na jinyar ba da izinina aka yi ba. Na cire shi na ajiye a kan turmi zan shiga wanka. Yaya Azumi ta ga ƙaninta ya kwana biyu yana fama da abu, tausayi ya kama ta. Ko da na fito, tana tsugune a wurin wanke-wanke da toka da ɗan rairayi da soson ƙarfe, ta danne marigayin da babban yatsa tana dirza.

"Basharu, kai ba ka san wanki ba," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wanga abu datti na. Kwanonin Rahama shekara nawa nika wankinsu, ka taɓa ganin tabo?"

Ban taɓa gani ba. Amma da ta ɗauraye shi ta miƙo mini, ƙwarzanen da na sani ɗaya-ɗaya sun ɓace a cikin dubunsu. Ya koma kamar gindin tukunya. Duk da haka yana raye. Ya haska fuska, ya yi tit, ya tuna mini da maganin rana. Wannan halin nasa shi ya fi ci mini rai idan na tuna.

Ba na son in kai shi wurin kowa a Gwandu, domin a garin nan idan ka yi atishawa a kasuwa, kafin ka iso gida an gaya wa 'yarka a Kaduna mura ta kama ka. Sai na tuna da Ɗalha maƙerin fari a Kalgo, mai ƙera zobba da awarwaro. Na san shi tun ina aiki a yankin Diggi, shi ya ƙera wa Rahama awarwaron da aka raba wa jikoki bayan rasuwarta. Mutum ne mai hannu, mai amana, kuma ba ya yawan tambaya. Ranar Talata na sa babbar riga, na ce wa Yaya Azumi za ni gaisuwa. Wayata tana aljihun rigar jiya. Tabarau ma yana can tare da ita.

Ɗalha ya karɓi marigayin ya juya shi a rana, ya yi tsaki.

"Wa yay yi mai wanga aika-aika?"

Na ce 'yan gida ne.

"Zauna, Malam. Kahin ka sha ruwa an gama."

Ina so jama'a su sani, ba na riƙe Ɗalha da komai. Aikin da ya yi ban taɓa ganin irinsa ba. Ya bi ƙarfen da lallausan magagari, hanya ɗaya kawai, ba ya zagayawa kamar yadda na yi. Ya koma kan fata da wani farin gari, yana shafawa yana hurawa. Ina kallo ƙwarzanen Yaya Azumi suka tafi, na ƙayar aduwa ya bi su, na bakin ƙota ya bi su. Dogon nan na injin ban ruwa ya yi gardama, a ƙarshe shi ma ya sallama. Har na fara tsara yadda zan miƙa wa Uwani hannu.

A nan ne marigayin ya suɓuce daga kan uwar maƙera ya faɗi ƙasa, ƙasa kuwa mai tauri. Ɗalha ya ɗauke shi ya duba, ko tsagewa bai yi ba. Amma sai ya kama wata rawar jiki da ban san shi da ita ba, zzzzt, zzzzt, ba tsayawa, fuskarsa ta yi ja da rubutu a kai. Na kanne ido na nisanta shi na kusanta shi, ban karanta ko harafi ba. Na ce wa Ɗalha haka yake yi idan yana son a kula shi.

Kowane maƙerin fari yana da yadda yake rufe aiki, kuma na gidansu Ɗalha tun kakansa ɗaya ne. Zobe ko awarwaro, in an gama gogewa, sai a jefa shi a tafasasshen ruwan tsamiya ya cinye maiƙo da dattin hannu, ya fito yana ɗaukar ido. Kaskon yana kan garwashi tun da na zo. Ɗalha dai ya yi abin da ya kamata, ya tambaya.

"Malam, shina jin ruwa?"

"Da shi nika alwala," na ce. "Da shi nika shiga hwadama. Ɗiyata ta ce ruwa ba ya yi mai komi."

Ya jefa shi.

Na ga haskensa a ƙarƙashin ruwan, ja, yana rawa tsakanin ɓawon tsamiya. Sai na ji ta. Tilin-tilin. Tilin-tilin. Daga cikin kasko, a shaƙe, amma ita ce. Uwani ce ke kirana. Na miƙa hannu, tururi ya kore ni. Ɗalha ya juya neman awartaki, awartaki yana ƙarƙashin zugazugi. Tilin-tilin ta koma til, til, sannan wani ɗan ƙara kamar an taka busasshen ganye. Ko da aka tsamo shi fuskarsa ta yi baƙi, bayansa ya kumbura. Amma jikin, jama'a, ban taɓa ganin ƙarfe mai kyau haka ba. Ko ɗigon tabo babu. Na ga fuskata a cikinsa tun daga hula har gemu.

Ɗalha ya cire hularsa ya riƙe. Ya ƙi karɓar ladan aikinsa, ya raka ni har tasha.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne ma'anar jan rubutun nan. An koya wa marigayin cewa idan ya ji faɗuwa mai ƙarfi ya tambayi mai shi ko lafiya, idan ba a amsa ba ya aika wa Uwani. Ya tambaya, ban amsa ba. Ya aika mata cewa mahaifinta ya faɗi a Kalgo kuma ba a jin bugun zuciyarsa. Aikinsa na ƙarshe ke nan a duniya, kuma bisa abin da ya sani, gaskiya ya faɗa.

Ni kuwa a zatona kiran gaisuwa ne na rasa. Lambarta ba ta kaina, marigayin da waya su ke riƙe mini ita. Na biya Birnin Kebbi wurin masu gyaran waya ko da sauran numfashi. Wanda ya buɗe shi ya shinshina, ya dube ni, ya tambaye ni ko miya aka yi da shi. Na naɗe gawar a hankici na nemi motar gida. Na ci ƙosai a tasha. Ina faɗin wannan ne don a san irin kwanciyar hankalin da nake ciki yayin da 'yata ke kan hanyar Funtuwa tana kiran wayar da na manta a aljihun rigar da ke rataye a ƙusa.

Na iso unguwarmu gab da magariba na ga tabarmi a ƙofar gidana, an shimfiɗa har bakin kwata, dattawa zaune sun sunkuyar da kai. A raina na ce Yaya Azumi ta tafi. Na yi sallama. Ba wanda ya amsa. Wani ya miƙe ya bar takalmansa a wurin. Ashe Uwani da ta rasa ni Haruna ta kira tana kuka, Haruna ya hau babur ya nufi asibitocin Kalgo neman gawa, labari kuma bai jira shi ya dawo ba. Na shiga gida na iske mata cike da tsakar gida, Yaya Azumi a tsakiya an riƙe ta. Ta ɗago ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Basharu, kai na?"

Na ce ni ne, Yaya.

"To in kai na, mi ya hana ka ɗaukar waya?"

Sannan ta fashe da kuka, ta kama rigata ta ƙi saki. Na tsaya a tsakiyar makokina da gawar agogo a aljihu, na rasa wanda zan fara ba haƙuri.

Na kira Uwani. Ta riga ta kusa Gusau, a hanyar da kowa ya san halinta, ita kaɗai mace a motar haya. Ta ɗauka. Ina jin numfashinta, ina jin ƙarar mota. Na ce ta juya ta koma, lafiyata ƙalau. Ta kashe wayar.

Da hantsi washegari ta iso. Ta gaishe ni yadda ta saba, har ƙasa, sannan ta kama hannuna ta juya. Babu komai a wurin sai farin zobe a fata inda rana ba ta taɓa ba. Na kwance hankicin na miƙa mata. Na shirya ƙarya tun asuba, amma da na ga idanunta sai na gaya mata komai, tun daga ruwan farko har kaskon Ɗalha. Ta saurara tana juya marigayin a tafin hannu. Da na gama ta ciro wayarta ta nuna mini taswira, da wani shuɗin layi da ya tashi daga Gwandu ya tsaya Maruda, an bi shi an sake bi har ya yi kauri.

"Baba, tun ruwan hwarko na sani," in ji ta. "Kullum da sahe ina ganin kun kama hanya."

Na ce to me ya sa ba ta yi magana ba.

"Na kai ma likitanmu ya duba. Ya ce ranar da kunka tahi gona kun hi barci, zuciyar ta hi kwanciya. Majalisa ce ma ka tada ta. Ya ce in bar ku, in yi kamar ban gani ba." Ta ɗaga agogon. "Shi ka yi muku roƙo, Baba, dut daminar ga. Shi kunka kai anka dahwa."

Daga baya na ce, a hankali, ai ana iya sayen wani, in ta yarda, kuma wannan karon ko ƙaya ta ci shi ba mai taɓa shi.

"Agogo ana saye," ta ce. "Hanyar jiya ce ba ni iya sake bi. Na bi ta don Inna, na bi ta don ku. Ta uku ba ni da ita."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ambaci sharaɗi ba. Da ta ambata, da na sami abin gardama, don gardama ba ta taɓa gagarata ba. Yaya Azumi tana bakin ƙofa, na dube ta ko za ta sa baki kamar wancan karon. Ta juya ta shiga ɗaki ta fara ninke rigunana.

Marigayin ya rasu ya bar caja ɗaya, wadda har yanzu tana maƙale a bango ba wanda ya iya cire ta. Ya bar abokiyar zamansa, wayata, da ke ta nemansa tana rubuta cewa ba ta same shi ba. Ya bar farin kwalin da ya zo a ciki, wanda Yaya Azumi ke ajiye allura da zare. Ya bar wansa, tsohon agogon bango na zaure, da ya daina aiki tun zamanin Rahama amma ba a taɓa dafa shi ba. Ya kuma bar ni. Har yau ina ɗaga hannu in duba fata, kuma jiya la'asar ta kusa wuce ni ina jiran a taɓa ni.

Iyalan mamacin na godiya ga duk wanda ya zo, ko da don wani ya zo. Muna godiya ga Haruna, da ya zagaye Kalgo yana tambayar gawata har mai ya ƙare masa. Muna godiya ga Ɗalha, da ya aiko da zobe a matsayin ta'aziyya, kuma muna roƙon jama'a kada su daina kai masa aiki, zobe dai ba ya da batir. Masu ba da shawarar man goge baki mun yafe musu. Masu zuwa yanzu suna gaya mini yadda ya kamata a yi tun farko, da tsumma mai laushi da bin layin ƙarfe da rufe gilashi, muna roƙonsu su riƙe iliminsu. Na gaji, kuma ba ni da sauran abin gogewa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a gonata ta Maruda, a gindin gawon da ke kusurwar gabas, inda muka saba hutawa ni da shi. Ba salla, kamar yadda liman ya ce, ba kuma wanka, domin wanka ne ajalinsa. Uwani ta ce a cire batir ɗin kada ya ɓata ƙasa, an cire. Ni zan haƙa ramin da kaina, ta yarda mini da wannan, kuma shi ne aikin kalme na ƙarshe da zan yi. Daga nan zan miƙa wa Haruna kalmen. Ba za a yi zaman makoki a Gwandu ba, tabarmin da aka shimfiɗa ranar Talata sun wadatar. Motarmu za ta tashi Lahadi bayan sallar asuba.

Mai son yin ta'aziyya daga baya zai same ni a Kaduna, hawa na uku, kusa da taga. An ce akwai kujera a wurin.

Roƙo ɗaya ya rage. Dawar da na shuka ba ta nuna ba tukuna, yanzu take fid da kai. Duk wanda hanya ta bi da shi ta Maruda idan kaka ta yi, don Allah ya tsaya ya dube ta, ya murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ya kira ni ya gaya mini yadda ƙwayar ta yi. Wayar tana aljihuna yanzu. Zan ɗauka.

Mai sanarwa,
Basharu Salihu, Gwandu,
a madadin iyalan mamaci.